Wai guguwar rana ce ta ƙona mana taransifoma?

Maman Walida, Tudun Wada: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah masu ilimin cikinmu ku warware mini wani abu. Shekaranjiya aka turo mini saƙo a WhatsApp, wai guguwar rana za ta bugi duniya, kowa ya kashe wayarsa ya zare soket daga sha biyun dare zuwa uku. Ban kula ba. To jiya da la'asar sai ga taransifomar layinmu ta yi wata irin ƙara, ta kama hayaƙi. Ƙanƙarata ta narke, zoɓo da kunun aya duk sun lalace. Maƙwabciyata har rantsuwa take wai guguwar ce. Gaskiya ne?

Injiniya, Sabon Gari: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Amma ki bar rana ta huta. Na san irin layukanku: ga masu walda, ga injin markaɗe, ga masu hita, kowa ya maƙala wayarsa a kan taransifoma ɗaya, kuma ba mai duba manta. Irin wannan ba ta jiran taimako daga sama kafin ta ƙone.

Bakano a Zariya: Wato Zage-zagi sun gaji da ɗora wa masu wuta laifi, sun koma kan rana. Saura wata da zara.

Baba Mai Rediyo, Babban Dodo: Kai Bakano, ana rabon gado baƙo ba ya tsoma baki. Ni dai ina da tambaya ta gaske. Na haura shekara arba'in ina sauraren gajeren zango. Akwai ranar da da rana tsaka tashoshi za su ɗauke ɗif, kamar an zare batir, bayan rabin awa su dawo da kansu. Akwai kuma lokacin da za a yi kwana biyu murya tana nutsewa tana tasowa. Idan rana ba ta taɓa komai a nan ƙasa, wannan fa?

Malam na Samaru: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Abin da kuka lura da shi gaskiya ne, kuma abu biyu ne daban kuka faɗa. Hajiya, saƙon da aka turo miki ƙarya ne, ya daɗe yana yawo, guguwar ba ta yi wa wayar da ke hannunki komai. Amma ita guguwar akwai ta.

Abu uku ake cakuɗawa. Na farko walƙiyar rana, wani haske ne mai ƙarfi da ke tashi daga wajen baƙaƙen tabban da ke fuskar rana. Tunda haske ne, minti 8 da 'yan sakanni ya iso. Shi ne yake kashe wa Baba gajeren zango da rana tsaka, ya sake shi bayan ɗan lokaci. Na biyu iskar rana, wato ƙwayoyi masu caji da rana ke hurowa dare da rana ba hutu, galibi kilomita 400 a sakan ɗaya, wani lokaci ta kai 700 ko 800. Tunda tsakaninmu da rana kilomita miliyan 150 ne, sai ta yi kwana huɗu a hanya. Na uku shi ne wanda nake kira tumbuɗin rana: ta yanko ƙaton gajimare na waɗannan ƙwayoyin ta cillo shi gaba ɗaya, da maganaɗisunsa a naɗe a ciki. Wannan yana iya isowa a kwana ɗaya zuwa uku. Idan iskar ko tumbuɗin ya hargitsa maganaɗisun duniya, shi ake kira guguwar maganaɗisu, kuma shi ne kwana biyun da Baba ya ce murya tana nutsewa.

Ɗan Safiyo, Hanwa: To Malam ai lissafin ya yi sauƙi. In walƙiya ta yi girma, tumbuɗin ya yi sauri, guguwa ta yi ƙarfi. Ko ba haka ba?

Malam na Samaru: Nan ne kowa ke zamewa, har 'yan jarida. Ɗauki Oktoban 2024. Ran 3 ga wata rana ta yi walƙiya mai maki X9, babba ƙwarai, aka yi ta yayatawa. Guguwar da ta biyo baya ta tsaya a mataki na uku cikin biyar. Ran 9 ga wata ta yi wata mai maki X1.8, wadda ba ta kai rubu'in ta farko ba, amma guguwarta ta ran 10 da 11 ta kai mataki na huɗu, har aka ga jan haske a sama a ƙasashen da ba su saba gani ba. Haka ta ran 17 ga Maris 2015: ƙaramar walƙiya ce ta haife ta, masu hasashe suka ce za a yi ƙaramar guguwa, sai ga mataki na huɗu.

Abin da ya fi yanke hukunci shi ne inda maganaɗisun da ke cikin iskar ya fuskanta lokacin da ya iso. Ku tuna ganuwar Zazzau a zamanin da. Ko mahaya dubu nawa suka zo a sukwane, in Ƙofar Doka a garƙame take, sai dai su yi ta zagaye. Duniya tana da irin wannan ganuwar ta maganaɗisu, wadda ta ɓangaren rana take tsayawa wajen ninki goma na tsawon da ke tsakanin cibiyar duniya da bayanta. A goshin ganuwar, layukan maganaɗisunmu arewa suke kallo. In na iskar ma ya zo yana kallon arewa, sai su ture juna, iskar ta zame ta gefe. In ya zo yana kallon kudu, sai layukan biyu su tsinke su ƙullu da juna, ƙofa ta buɗe, ƙarfin iskar ya kwararo ciki. Wani Bature ɗan Ingila, James Dungey, shi ya fito da wannan bayanin a 1961. Wannan ɓangare na arewa da kudu shi masana ke rubutawa Bz. In ka ga lambarsa da alamar ragi, kudu ke nan, ƙofa a buɗe.

Bakano a Zariya: Ganuwar da kuka bari aka kwashe ƙasarta aka yi bulo, ita ake kawo mana misali da ita?

Baba Mai Rediyo, Babban Dodo: Taku ta Kano ta tsira ne? Yi mana shiru ana karatu.

Ɗalibar Fiziks, Samaru: Malam a ba ni izini in saka lambobi, don Yaya Ɗan Safiyo mutumin awo ne. Ana auna maganaɗisun da nanotesla. In rana na kwance lafiya, na cikin iskar bai wuce 5 ba. Abin da ke shigar da ƙarfi shi ne saurin iskar sau girman ɓangaren kudu. Iska mai gudun 400 da kudu 10, in ka ninka ka raba da dubu, 4 ne. Mai gudun 800 da kudu 5, shi ma 4 ne, kunnen doki. Mai gudun 800 da kudu 40 kuwa 32 ne, ninki takwas. Amma mai gudun 1,500 da ya zo yana kallon arewa, a wannan lissafin sifili ne. Wato sauri yana da amfani, sai dai ninki yake yi, kuma ko me ka ninka da sifili sifili ne.

Sannan akwai daɗewa. A 1987 Gonzalez da Tsurutani suka duba manyan guguwoyi suka ga sharaɗin da ya haɗa su: kudu ya wuce 10, kuma ya zauna a haka sama da awa uku. In yana lilo, minti goma kudu minti goma arewa, ba a tara komai.

Ɗan Safiyo, Hanwa: Tara me, ƙanwata? A ina ake tarawa?

Ɗalibar Fiziks, Samaru: Ƙarfin da ya shigo yakan taru ta bayan duniya, ɓangaren dare, sai ya turo ƙwayoyi ciki su yi ta zagaya duniya kamar awarwaro, can nesa sama da tsakiyarta. Wannan zoben lantarkin yana rage ƙarfin maganaɗisun da muke aunawa a ƙasa. Yawan ragin shi ake kira Dst, shi ya sa lambar take zuwa da alamar ragi. Daga ragi 50 zuwa 100 matsakaiciya ce, in ta wuce 100 babba ce. Ta Maris 1989 ta kai ragi 589. Ta 10 da 11 ga Mayu 2024 ta wuce ragi 400, wadda rabon da a ga irinta tun 2003.

Ka ɗauke shi kamar randa mai yoyo. Kudu shi ne mai zuba ruwa, yoyon kuma ba ya tsayawa. Burton da abokan aikinsa sun rubuta wannan lissafin a 1975, suka sa lokacin tsiyayewar wajen awa takwas. In ana zubawa da moɗa ana hutawa, randar ba za ta cika ba. In aka sa mata tiyo awa biyar a jere, sai ta tumbatsa. A Mayun 2024 tumbuɗi da yawa ne suka biyo juna daga gungun tabo guda, na baya ya cim ma na gaba ya danne shi, maganaɗisun ya matsu ya yi ƙarfi, kudu ya kusa 50, kuma ya daɗe.

Injiniya, Sabon Gari: Tsaya. Maganaɗisun duniya a nan wajenmu ai ya haura 30,000 a wannan ma'aunin. Ragin 400 kashi ɗaya cikin ɗari ne da ɗan ɗoriya. A kan wannan ake ta kururuwa?

Malam na Samaru: Injiniya, kai da ke naɗin koyil kake wannan tambayar? Ka ɗora ƙaton mayen ƙarfe kusa da waya ka bar shi a ajiye, wuta za ta fito?

Injiniya, Sabon Gari: Ba za ta fito ba sai yana motsi. To na gane, saurin canjin ne. Kuma in wayar ta yi tsawon ɗaruruwan kilomita, ɗan canjin ma ya isa.

Malam na Samaru: Shi ke nan. Abin da ya faru a Kebek ta Kanada ran 13 ga Maris 1989 ke nan. Dogayen layuka, ƙasar dutse ce da ba ta shan wuta, ga su can arewa ƙarƙashin inda lantarkin sama ya fi hauka. Cikin minti ɗaya da rabi layin wutar lardin ya faɗi, mutum wajen miliyan shida suka yi awa tara ba wuta.

Bakano a Zariya: Awa tara kacal har aka rubuta a tarihi? Mu nan ai sai a yi walima.

Ɗalibar Fiziks, Samaru: Malam, da girmamawa, misalin ƙofar nan yana da inda ya gaza, kuma ni ma na ƙara masa gishiri da na ce sifili. Agustan 1972 fa? Tumbuɗin ya iso cikin awa 14 da rabi da ɗan kai, ba a taɓa auna wanda ya fi shi sauri ba, har ya fi na 1859 wanda ya yi awa 17 da wani abu. Dst ɗinsa bai wuce ragi 125 ba, don mafi yawan maganaɗisunsa arewa ya kalla. A takarda ba wata babbar guguwa ba ce. Amma ya kashe dogon layin tarho a Amurka, kuma nakiyoyin ruwa da sojan Amurka suka dasa a gaɓar Biyetnam ta Arewa, masu tashi in sun ji maganaɗisun jirgi, da dama suka tashi da kansu. To in ƙofa a rufe take, wa ya yi wannan ɓarnar?

Malam na Samaru: Madalla, dama irin wannan nake so a aji ba na samu. Kin yi gaskiya. Mahayan ba su shiga ba, amma sun yi wa ganuwar karo har ta girgiza. Wannan shi ne matsin iska, wato yawan ƙwayoyin sau sauri sau sauri. Tunda sauri sau biyu ya shiga, iska mai ninki uku na gudu ninki tara take dannawa. Sai ta tura ganuwar ciki farat ɗaya, wani lokaci har ta wuce inda taurarin ɗan'adam na talabijin ke tsayawa, a bar su a waje tsirara. A ƙasa kuma ma'auni ya yi tsalle cikin minti ɗaya ko biyu. Amma ina nan a kan bakana: in ana maganar guguwa mai zurfi wadda za ta kwana ta wuni, ba a taɓa samunta ba sai da kudu.

Ɗalibar Fiziks, Samaru: Ni kuma ina ganin kalmar ƙarfi ce ke yaudararmu. Mai layin wuta ba ruwansa da zurfin Dst, saurin canji ne ya dame shi. Mai tauraron ɗan'adam kuma wani abu daban. A Fabrairun 2022 Starlink, masu ba da intanet ta tauraron ɗan'adam, suka harba taurari 49, 38 suka faɗo, alhali guguwar ta mataki na ɗaya ce, mafi ƙanƙanta. Ta ɗumama iskar can sama ne ta kumbura, ta riƙe su tun ba su haura inda za su zauna ba. Wa zai je ya gaya musu cewa ƙarama ce?

Malam na Samaru: Wannan ai maganar ɓarna kike, ni maganar ƙarfi nake. Yayyafi ma yana rushe katangar da aka gina jiya, ba ya mayar da shi ruwan Agusta.

Ɗalibar Fiziks, Samaru: Na karɓi na Starlink. Na 1972 ban karɓa ba, Malam, wannan ba yayyafi ba ne.

Maman Walida, Tudun Wada: Ikon Allah. Ni dai na ɓace tun wajen randa, amma ina bi. Tambayata: tunda kun san duk wannan, me ya sa ba za a faɗa tun da wuri ba, ran kaza ƙarfe kaza, mai ƙarfi ce ko maras ƙarfi? Ai ko kusufin wata ana faɗin mintinsa.

Malam na Samaru: Hajiya kin taɓo inda ke yi wa masana ƙaiƙayi. Ana ganin tashin tumbuɗin da kyamarori, a ƙiyasta saurinsa, a ce zai iso jibi, ko da yake sau da yawa ana kuskure da awoyi masu yawa. Abin da ba a iya gani daga nesa shi ne kudu ko arewa. Kamar ki hango mai tallan kwano daga nesa, kin san tana tafe, kin ga girman kwanon, amma a rufe yake da faifai. Sai ya iso wajen na'urorin da aka girke kilomita miliyan ɗaya da rabi daga nan ta wajen rana, irin su ACE da aka harba a 1997 da DSCOVR a 2015, sannan a ɗaga faifan. Daga can zuwa nan, iska mai gudun 400 awa ɗaya take yi, mai 800 rabin awa. Wato wadda ta fi haɗari ita ce ta fi ba da gajeren gargaɗi. Kuma maganaɗisun cikin tumbuɗin a murɗe yake kamar igiya, yana iya farawa da arewa ya juya kudu bayan awa goma, ko akasin haka. Saboda haka duk wanda ya turo miki saƙo da kwana biyu cewa daga sha biyu zuwa uku ne, ya fi masu na'urar sani ke nan.

Baba Mai Rediyo, Babban Dodo: Malam, akwai wani abin da na daɗe da lura. Wani lokaci in rediyo ta yi wannan rashin lafiyar, sai kusan wata guda ta sake. Har na taɓa zaton da tsayuwar wata abin ke tafiya.

Malam na Samaru: Baba kun yi kusa, sai dai ba wata ba ne, kwana 27 ne, tsawon juyin rana ɗaya a yadda muke ganinta daga nan. Akwai wasu wurare a kambin rana, wato iskar da ke kewaye da ita ta waje, da maganaɗisu ke buɗe, iska mai sauri na fita ta nan kamar bakin tiyo. In wurin ya daɗe watanni, duk juyi sai ya sake feso mu. Mai saurin ta cim ma mai nawa, wajen haɗuwarsu ya matsu. Irin wannan ba ta cika yin zurfi ba, don kudunta lilo yake, amma tana jan kwanaki. Manyan kuwa kusan duk na tumbuɗi ne, kuma sun fi yawa in tabban rana sun yi yawa, a zagayen da ke ɗaukar wajen shekara 11. Wanda muke ciki ya fara a Disambar 2019, ya kai ƙololuwa wajen 2024.

Akwai kuma na shekara. Guguwoyi sun fi yawa wajen Maris da Satumba, lokacin da dare da rana ke daidaita, don a lokacin karkatar duniya tana sa ko maganaɗisun da ya zo a kwance ya sami ɗan rabo na kudu. Russell da McPherron suka bayyana wannan a 1973.

Ɗan Safiyo, Hanwa: Maris da Satumba kuka ce? To bari in faɗi abin da ya sa na tsaya a zauren nan tun ɗazu. Na'urar awonmu ta GPS, mai ba da daidai har santimita, da safe lafiya lau. Amma in aiki ya kai mu bayan magariba, musamman wajejen Maris da Afrilu da kuma Oktoba, sai ta ƙi kamawa, ko ta kama ta saki. A 2024 abin ya fi muni. Akwai fili a hanyar Shika da na dasa masa duwatsu da yamma liƙis, washegari na dawo na ga sun goce, sai da na sake aikin. Har na yi wa wanda ya sayar mini da na'urar rashin mutunci.

Ɗalibar Fiziks, Samaru: Yaya ka je ka ba shi haƙuri. Wannan namu ne na gida. Layin tsakiyar maganaɗisun duniya ba ya bin layin tsakiyar taswira, a Afirka ta Yamma ya hauro arewa, ya ratsa arewacin Najeriya, kuma Zariya ba ta da nisa da shi. A kan wannan layin, bayan faɗuwar rana, rufin sama mai caji yakan yi tsalle sama, ƙasansa ya yi kumfa, manyan ramuka su taso. Saƙon tauraro in ya ratsa su sai ya yi ta rawa kamar fitilar da ake hangowa ta cikin ƙura. Wannan yana faruwa ko babu guguwa, ya fi yawa a watannin da ka faɗa, kuma ya fi tsanani a shekarun da rana ke kan ganiyarta.

Ɗan Safiyo, Hanwa: To in guguwa ta zo sai abin ya ninka ke nan.

Ɗalibar Fiziks, Samaru: Ba kullum ba, kuma abin da ya sa nake son fannin ke nan. Ya danganta da ƙarfe nawa ne a nan lokacin da Bz ya juya. In ya juya kudu daidai magaribarmu, wutar da ta kutso tana ƙara wa tsallen ƙarfi, daren ya lalace. In guguwar ta fara tun da awoyi da yawa, iskar sama da ta ɗumama daga can arewa da kudu ta iso nan, tana iya danne tsallen, ka sami dare shiru tsit a tsakiyar babbar guguwa. Guguwa ɗaya, Zariya ta sha wuya, Barazil ta kwana lafiya, ko a juya.

Malam na Samaru: Ƙari a kan nata. Da rana kuma akwai wani kogin lantarki da ke gudu gabas a samanmu, wajen kilomita 100 daga ƙasa, faɗinsa 'yan ɗaruruwan kilomita ne kawai, yana bin wannan layin. Ɗan ƙasarmu Farfesa Cyril Onwumechili ya yi suna a duniya a kan bincikensa. Saboda wannan kogin ne ma ba a saka gari irin namu cikin tashoshin auna Dst. Guda huɗu ne, Honolulu, San Juwan, Kakiyoka a Japan da Hamanus a Afirka ta Kudu, an zaɓe su ne nesa da shi don kada ya cika ma'aunin da surutunsa.

Injiniya, Sabon Gari: To Malam yanzu ka sa na fara janye maganata. In kogin lantarki na bisa kanmu, kuma ka ce saurin canji ne ke jawo wuta a waya, me zai hana Hajiya ta yi gaskiya?

Malam na Samaru: Kada ka janye. Gaskiya ne cewa in irin karon da ɗalibata ta kawo ya zo da rana, kogin yana ƙara wa tsallen girma a ƙarƙashinsa, don haka ba daidai ba ne a ce ƙasashenmu ba abin da ya shafe su. Afirka ta Kudu ma, da take nesa da ƙuryar duniya mai ƙanƙara, manyan taransifomominta sun lalace bayan guguwoyin ƙarshen 2003. Amma waɗannan ƙatti ne na manyan tashoshi, a bakin layuka masu ɗaruruwan kilomita. In abin zai taɓa mu, a kan irin dogon layin da ya taso daga Shiroro ya bi Kaduna ya nufi Kano za a neme shi. Ta unguwa wayoyinta ba su da tsawon da za su tara komai. Kuma da guguwa ce, ba za ta tsallake Gyallesu da Tudun Jukun ta zaɓi layin Hajiya kaɗai ba.

Maman Walida, Tudun Wada: Ai kuwa layin bayanmu da wutarsu, har can na kai sauran ƙanƙarar. To sola fa? Ina shirin haɗa kuɗi in saka, kada in saya rana ta ƙona.

Injiniya, Sabon Gari: Ba abin da zai same ta. Ƙurar hunturu ce abokiyar gabarki, ki riƙa gogewa. Sai tsawa, a yi miki waya ta ƙasa mai kyau.

Ɗan Safiyo, Hanwa: Ƙanwata, ina da ranaku da awoyin duk aikin da na'urar ta ba ni wahala tun 2023, suna cikin kwamfuta. In na turo miki za ki iya ɗora su a kan na Bz mu gani?

Ɗalibar Fiziks, Samaru: Turo, bayanan iskar kyauta suke a intanet, minti bayan minti. Amma ka haɗa da dararen da ta yi aiki lafiya, in ba haka ba duk abin da muke so shi za mu gani. Kuma ka faɗa mini agogon na'urar na Najeriya ne ko na Girinwic, awa ɗaya ce tsakani, kuma a wannan aikin awa ɗaya tana iya juya amsar. Malam, in sakamakon ya fito zan dawo da maganar 1972.

Malam na Samaru: Ki dawo da ita, ina nan. Ki zo da matsin iskar na kowane dare ma, kada ki ce na ɓoye miki.

Baba Mai Rediyo, Babban Dodo: Ni ma akwai wani tsohon littafi da nake rubuta ranakun da tasha ta ɗauke, in jikana ya zo zai ɗauki hotonsa ya saka. Hajiya, maganar taransifoma kuma ku je wajen mai unguwa a fara karo-karo, kada ku jira.

Maman Walida, Tudun Wada: An riga an fara Baba, gida dubu biyar aka yanka. Maƙwabciyar tawa ta ce ba za ta bayar ba sai an tabbatar mata guguwar ta wuce.